Ba ya cin tuwona, ba ya fita da ni: ta ina zan fara?

Wata 'yata daga Gwammaja ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Shekararta uku a ɗakin miji, ɗansu ɗaya, mijin yana da shago a Kantin Kwari. Da safe a tsaitsaye yake kurɓar shayi ya fice, ba ya shigowa sai an yi isha'i, kuma yawanci ya ce a ƙoshe yake. Tuwo ya kwana, gari ya waye ta ɗumama ta ci ita da yaro. Tun da aka kawo ta, ban da asibiti da gidansu da gidan biki, bai taɓa ɗaukarta sun je wani wuri ba, ga ƙawayenta kullum a waya, wannan tana Dubai, waccan tana Abuja. Ta rufe da cewa: "Mama, girkina ne ba daɗi, ko kuwa ni ce ba ya son a gan shi da ni?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya maimakon ki bar abin yana cin ki a rai. Shekarata 27 da aure, na kuma haura shekara 15 ina koya wa 'yan mata da amare girki a tsakar gidana. Waɗanda na koya wa su ne suke dawo mini da kukansu bayan an kai su, ta haka na shiga sulhun ma'aurata ba tare da na nema ba. Irin tambayarki na ji ta ba adadi, kuma abin da na lura, mai yin ta zaman mijin take nema, ya zauna kusa da ita hankalinsa a kwance. Tuwon da Dubai ɗin duk hanyar faɗin wannan ce. Shi kuwa zaman ɗan kasuwar Kano ba a samunsa dunƙule guda. Kamar cefane yake, kaɗan-kaɗan ake tsinto shi, kuma sai kin san lokacin da yake araha.

Kafin ki tuhumi tukunyarki, ki fara gano inda cikinsa yake cika. Ɗan Kwari da rana yana cin na masu abincin kasuwa tare da yaran shago da maƙwabta. Da la'asar ga mai fura, ga mai gurasa da tsire. In an tashi kasuwa, da yawansu ba gida suke nufa ba, ƙofar gidan iyayensu suke zuwa su yi magariba, a shimfiɗa tabarma, kwanuka su fara fitowa daga gidaje. Wannan ita ce ciyayya, kuma ta girme ni ta girme ki. Yaron da ya tashi yana sa hannu a kwano ɗaya da mutum shida, in ya girma aka ajiye masa tire shi kaɗai a ɗaki, abincin ba ya shigarsa, har ji yake kamar rowa yake yi. Maigidana haka yake. Shekara biyun farko na sha kuka a kan malmalar da ba a taɓa ba, sai wata rana ƙanwarsa ta ce mini, "Ai Yaya a ƙofar gida yake ci, su Alhaji ma suna ta tambaya yaushe kwanon amarya zai fito." Ashe ni ina ɗaki ina cewa an ƙi abincina, a can kuma ana ganin ni ce ban fitar ba.

To in majalisar tasa kusa take, ki fitar da kwanonki ko sau biyu a mako. In da nisa, ki zuba masa a kula ya tafi da shi kasuwa. Kada ki ce ai wasu ne za su cinye. Su ci mana. Namiji yana jin daɗi ƙwarai abokinsa ya suɗe hannu ya ce, "Wannan daga gidan wa?" shi kuma ya ce daga gidana. Wannan yabon zai biyo shi har ɗakinki.

Amma ciyayya ba ta biya miki buƙata ba, tunda ke zama kike so. Sai ki bar masa darensa, ki kama safiya. Kasuwa ba ta cika sai hantsi ya dubi ludayi, kuma tsakanin dawowarsa daga masallacin asuba da fitarsa akwai lokaci mai tsawo da yawancin gidaje suke kashewa a barci da latsa waya. Tuwon nan da yake kwana kina kallonsa da takaici, shi ne jarinki, don Bakano ba ya wasa da ɗumame mai kyau. Ki yayyanka malmalar, ki turara ta a madambaci ko ki jera a tukunya da ɗan ruwa a ƙasa, wuta kaɗan, har ta yi laushi zafi ya ratsa cikinta. Miyar ki ɗumama ta daban. Ki soya man shanu da albasa har albasar ta yi ja, ƙamshin ya zagaye gidan, ki kawo da yajinki a gefe. Ki shimfiɗa leda, kwano ɗaya, ki zauna. Kada ki ajiye masa ki koma kicin wanke-wanke. A wannan zaman ba a kawo maganar kuɗin haya, ba a kawo ƙarar danginsa. Ranar da babu tuwo, kunun gyaɗa da ƙosai, ranar Juma'a waina da miyar taushe. Minti 20 ne kacal, amma in ya zama na kullum, a wata ɗaya kin samu awa 10 da mijinki waɗanda da ba ki da su.

Yanzu ga girkin kansa, don ba zan rufe ki ba, wani lokacin laifin yana cikin tukunya. Amaren yanzu da yawa suna zuwa mini sun iya shawarma da kek da soyayyiyar shinkafa kala-kala da suka koya a waya, amma in na miƙa musu muciya sai ido ya raina fata. Ba laifi a iya na zamani, ni ma ina koyar da su. Sai dai mutumin da ya tashi a Gwammaja ko Yakasai ko Mandawari, a kan miyar kuka da kuɓewa da taushe harshensa ya ginu, da su zai auna ki. Miyar kuka kuwa ita ta fi tona asiri, don ba ta da inda mai girki za ta ɓuya.

Babban abin da yake kashe ta gaggawa ce: a jefa daddawa, ruwa ya tafasa sau ɗaya, a kaɗa kuka. Daddawa tana son ta dahu. Ki daka ta da albasa da attaruhu da citta da masoro, ki zuba a ruwan nama ko na busasshen kifi, ki bar ta tana tafasa har warin ya juye ya zama ƙamshi, hancinki ne zai gaya miki. Ɗan dakakken wake a cikin ruwan yana ba miyar jiki. Sannan ki rage wuta sosai kafin kuka ta shiga. Hannu ɗaya yana barbaɗawa, ɗayan yana kaɗawa da maburgi, kaɗan-kaɗan, kada ki juye gaba ɗaya ta yi gudaji. In ta haɗu, minti kaɗan ya isa ki sauke, don kukar da aka bari tana ta tafarfasa takan yi baƙi ta tsinke. Ki kuma duba kukar da kike saya. Mai kyau koriya ce shar, wadda aka shanya a inuwa. Wadda ta koma ruwan ƙasa rana ta riga ta cinye ta, ko dunƙule goma kika jefa ba za ta yi daɗi ba. Dunƙulen ma wata matsalar ce. An mai da shi maganin kowace miya, har kuka da taushe da jar miya duk suka koma ɗanɗano ɗaya, ga gishirin da yake ɗauke da shi, ga hawan jini ya yi yawa a gidajenmu. Haka kanwa a jar miya: ana sa ta don kashe tsamin tumatir, sai ta zarce miyar ta yi duhu. In kin bar markaɗen ya tafasa ruwansa ya tsotse kafin ki soya, da albasa wadatacciya, tsamin da kansa zai tafi.

Hanya mafi gajarta kuwa, ki je wurin Hajiyarsa. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, so nake ki koya mini irin miyar da kike yi masa yana yaro." Ban taɓa ganin uwar mijin da aka yi wa wannan roƙon ta ɓata rai ba. Za ta gaya miki abin da shi kansa ba zai iya faɗa ba. Wataƙila tuwon dawa yake so kina ta tuƙa masa na shinkafa, wataƙila ba ya son manja a kuka, wataƙila ɗanwake da mai da yaji ne abin da ransa yake biyawa yana jin nauyin tambaya. Kin samu girki, kin kuma samu Hajiya a ɓangarenki.

Girki ba ya rabuwa da cefane, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Maza da yawa har yau kuɗin cefanen shekarar aurensu suke ajiyewa, alhali su da kansu sun ƙara wa yadi kuɗi a shago ba sau ɗaya ba. Kada ki yi ta ciko da kuɗin adashenki kina shiru kina tara haushi. Ki samu ɗan littafi ki rubuta abin da kika saya da kuɗinsa na wata guda, ki nuna masa ranar da kika ga ransa fari. Ɗan kasuwa ya fi saurin gane lissafi a kan ƙorafi. Daga nan ku tsara saye da lokacinsa. Hatsi da wake da kaka ake sayensu, ku haɗa kuɗi da yayyenki ko matan 'yan'uwansa a ɗauko buhu daga Dawanau a raba. Kayan miya daga sanyi zuwa farkon zafi suke araha, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura yake cika 'Yan Kaba. A lokacin ake sayen kwando, a yanka a shanya kauɗa, a busar da tattasai da attaruhu, don in damina ta kankama tumatir sai mai hali. Da wutar nan tamu da ba ta da tabbas, ni na fi amincewa da kauɗa a kan firiza. Zogale da rama da yakuwa kuma damina ce lokacinsu, ki shanya su a inuwa ki ɗaure a buhu.

Sai maganar fita. A nan ma ba na zaton ƙinki yake yi. Kunya ce da rashin sabo. Bai taɓa ganin mahaifinsa ya jera da mahaifiyarsa a titi ba, yana kuma tsoron abokai su hango shi su ce ya zama mijin-ta-ce. Ga shi duk lokacin da kika ce "ba ka fita da ni", abin da kunnensa yake ji shi ne jirgi da otal da kuɗin da ba shi da su, sai ya ce "sai an samu sarari", sararin da ba ya zuwa. Ki ba shi maganar da zai iya amsawa da "to". Ki kira shi da sunan nan da kike kiransa in kina neman abu, ki ce, "Ranar Lahadi bayan la'asar ka kai mu gidan zoo yaron nan ya ga dabbobi, ɗan sahu ɗaya ne, kafin magariba mun dawo." Kin faɗi rana, kin faɗi wuri, kin faɗi lokacin dawowa, yaron kuma ya zame masa garkuwa a gaban abokai, ai ɗansa ya kai ganin dabbobi. Gidan zoo ɗin, da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, yana da manyan bishiyoyi da inuwar shimfiɗa tabarma. Sai dai kada ku je ranakun Sallah, turmutsitsin zai sa ya rantse ba zai ƙara ba. Ku je ranar da ba kowa. In ya ji daɗi, Ado Bayero Mall yana kan titin, ku biya yaro ya sha askirim.

Abin da yake ci mini rai, mutane suna tasowa daga Turai su zo ganin abin da yake bayan gidanmu, mu kuwa a haife mu a nan mu tsufa ba mu taɓa leƙawa ba. Ke da kike Gwammaja, Dutsen Dala kullum yana kallonki. Dutsen da Barbushe ya yi zamaninsa a kai, inda tarihin garin nan ya faro, ga matakala an yi har sama. Ku hau da la'asar sakaliya lokacin sanyi. In kun kai sama za ki ji iska daban da ta ƙasa, ki ga Goron Dutse a tsaye can, ki ga ƙubba da hasumiyoyin masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, ki ga rufin gidajen cikin gari a jere har inda ido ya tsaya. Amfanin wurin a gare ki ma ya wuce kallo: namiji in ya hau Dala bakinsa buɗewa yake. Ranar da muka fara hawa da maigidana, mutumin da ba ya haɗa magana biyar a gida, sai ga shi yana nuna mini da yatsa, can ne gidan kakarsa, can makarantar allonsu, can kududdufin da ya taɓa shiga wanka aka zane shi. Labarin da ban ji ba a shekara shida na ji shi a yamma ɗaya. Ku sauko da sauran haske, kuma ku kauce wa ranar Takutaha, wato bikin da ake yi mako guda bayan Maulidi, ranar dutsen cika yake maƙil.

Gidan Makama yana daura da gidan Sarki, tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne, kuɗin shigarsa kaɗan. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da labarin shigowar Turawa a 1903, har da ɗakin amaryar da da jerenta, ki gwada da naki. Daga nan marinar Ƙofar Mata ba nisa, wadda masu ita suke ƙirga ta tun 1498. Ki tsaya ki kalli marini a bakin rami yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi kina gani, ya sake tsomawa, haka har ya yi duhun da ake so. Shi da yake mutumin yadi, ina tabbatar miki zai fi ki jin daɗin wurin, zai shafa ƙyalle ya tambayi kuɗi ya hau yi miki bayani. Ki bar shi ya yi. Namiji yana son wurin da zai nuna wa matarsa ya san abu.

In ƙafa ta saba, sai ku yi nisa kaɗan zuwa Tiga, ta hanyar Zariya. Madatsar an kammala ta a 1974, kuma ruwanta ne yake bin magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura, wato tumatirin da shinkafar da kike dafawa ruwan Tiga suka sha. In lokacin kayan miya ne za ku wuce Kwanar Gafan ku ga kwanduna jere a bakin titi, da dawowa sai a tsaya a yi cefanen kauɗar da na faɗa miki, tafiya ta biya kuɗin man mota. Guzurin irin wannan tafiya ba abin da ya kai dambu: ba ya zuba, ba ya saurin lalacewa, ko ya huce yana da daɗi. Ki yi na ɓarzajjiyar shinkafa da zogale da dakakkiyar gyaɗa da albasa, ki riƙe soyayyen mai a kwalba daban sai an zauna a zuba, da zoɓo mai citta da kanumfari a gora. Ku fita da sassafe ku dawo rana ba ta faɗi ba. Yaro kada ya bar hannunki a bakin ruwa, kuma kada ku hau kwale-kwalen da aka cika ko wanda ba rigar kariya. Hatsarin kwale-kwalen Ɓagwai na 2021 har yau yana raina. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba lokacin yawo da ƙaramin yaro ba ne, ku bari sai sanyi ko bayan ruwa ya sauka. Kuɗin fita kuma ki buɗe masa asusu, canjin cefane ki riƙa jefawa, ranar da kika ce a je ki ce kuɗin ɗan sahu yana hannunki.

Ku kuma maza da kuke karanta wannan, ina da magana da ku. Kunyar da kuke ji ba daga addini kuka samo ta ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Ya tsaya ya kare ta da jikinsa tana kallon Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, bai gusa ba sai da ita ta gaji. Bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yarinyar da aka ɗauko daga gidan da yake cike da 'yan'uwa aka ajiye a ɗaki biyu ita kaɗai daga safe har dare, ta tsaya a gaban wuta don kai, in ka shigo ko a ƙoshe kake ka zauna ka yi loma uku ka ce sannu da aiki. Ka rage ciki a majalisa saboda ita. Ba abin da zai ragu a girmanka.

Hotunan ƙawaye kuma, 'yata, ki sassauta wa kanki kallonsu. Na zauna sulhu da matan da aka kai ƙasashen waje aka dawo, a cikin gidan ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su da mazan. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Abu ɗaya zan ware: in bayan rashin ci da rashin fita akwai zagi, ko duka, ko barinki ba abinci, ko kwana a waje ba bayani, to wannan ya wuce maganar miya da Dala, ki sanar da waliyyinki tun da wuri, kada ki ce haƙuri. Amma a abin da kika rubuto ban ga alamar haka ba.

Ki fara da ɗumamen gobe da safe. Maganar gidan zoo ki riƙe ta tukuna, sai ranar da kika ga ya miƙo kwano ya ce a ƙara miya, a ranar za ki faɗa. Wurin Hajiya kuma kada ki je hannu rabbana, ki riƙa mata goro ko ɗan turaren wuta, ki je da hantsi lokacin da ba baƙi, ki tafi da kukarki da daddawarki don ta nuna miki a kan murhunta.